Iskar da Ta Shiga Birkin Baba

Aboabo, Tamale

Zuwa ga yayana Saani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Abida da yara. Yaya aiki, yaya zaman Italiya? Fataw da ya zo hutu daga wurinku ya ce mana ciwon bayan nan ya sake tasar maka har ka kwana biyu ba ka fita ba, kai kuma ko a waya ba ka faɗa ba. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta kankama, ɗanyar masara ta shigo kasuwa. Goggo Rakiyatu tana nan da hawan jininta da faɗanta. Ni kuma ka san na dawo gida goyon ciki, nauyi ya kai inda ya kai, ƙafafuna sun kumbura har silifas ɗin Baba nake sawa. A asibiti sun ce in zauna da shiri. Maigidana Shamsudeen yana Techiman wurin aiki, kullum sai ya kira ya tambaya ko an sauka, kamar za a sauka a ɓoye masa.

Yaya, na zaɓi in rubuto takarda in ba Fataw ya taho maka da ita don na san halinka a waya. In ranka ya ɓaci ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni ma kuma ka san bakina. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar motar Baba ce. Saƙon muryar da ka turo, inda ka ce a karɓe mabuɗi a sayar da motar, in zai fita a tsayar masa da keken hayar nan mai ƙafa uku, yalo-yalo, wayar Goggo ka turo shi. Ita kuma ba ta iya sauraron saƙo ba sai ta ƙure murya. A tsakar gida ta kunna shi, Baba yana tsugune yana alwalar la'asar, ya ji shi daga farko har ƙarshe, har wurin da ka ce shekarunsa sun wuce na riƙe sitiyari. Ya gama alwalarsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko mabuɗin, ya rataye shi a ƙusar bakin ƙofar marigayiya Mma, inda take rataye maficinta, ya tafi masallaci. Har yau da nake rubuta maka mabuɗin yana wurin.

Ban ga laifinka ba, wallahi. Kana nesa, an kira ka an ce Baba ya banke kejin zabin maƙwabci da mota, ƙafarsa ta kasa taka birki, saura ƙiris ya take mutane. Wanda rasuwar uwarsa ta same shi a wata ƙasa, bai ga ko likkafaninta ba, dole gabansa ya riƙa faɗuwa duk lokacin da aka kira shi daga Tamale. Tsoro ne ya sa ka faɗi haka, na sani. Amma wanda ya kai maka labarin bai kai shi daidai ba. Ni ina wurin tun daga farko, don haka ka daure ka karanta har ƙarshe.

Saboda ni Baba ya taɓa birkin. Tun da na dawo gida yake zagaya motar nan yana ƙwanƙwasa tayoyi, wai ba za a ɗora 'yarsa mai naƙuda a yalo-yalo tana tsalle a ramukan unguwa ba. Da ya leƙa ƙasa sai ya ga tiyon birki na tayar baya ya tsattsage, takalman birkin gaba kuma sun cinye. Ya je ya sayo sababbi da man birki, ya shimfiɗa kwali a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya kwance ya ɗaura, hannunsa ko rawa bai yi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan doya daga nan zuwa Kumasi, wannan ba aiki ba ne a wurinsa. Sai dai in an cire tiyo iska tana shiga, kuma muddin akwai iska a cikin man, in ka taka birki sai ya lotsa kamar burodi ya tafi ƙasa. Fitar da ita kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kujerar direba, ya yi ta danna birki har ya yi tauri ya riƙe. Ɗayan yana ƙasa, ya sassauta wani ɗan noti a bayan taya, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. Na sama ba zai ɗaga ƙafa ba sai na ƙasa ya ce ya ɗaure, in ba haka ba iskar da ta fita za ta koma, har da ƙari.

Ka tuna wadda take zama a kujerar nan duk shekarun baya? Mma ce. Ba ta taɓa tuƙa mota ba, amma in Baba zai fitar da iska sai ta bar tuwo a wuta, ta ɗauko matashin kai ta sa a baya don ƙafarta ta kai, ta tattare zani ta zauna. Shi yana ƙasa yana ƙwala mata kira, Azeta danna, Azeta riƙe, Azeta saki, ita tana tsokanarsa wai ashe dai ita ce direban, shi yaron mota ne. Wannan ne karo na farko da Baba ya buɗe birki tun bayan rasuwarta. Na lura da shi da ya gama ɗaure tiyon, ya fito ya tsaya yana kallon kujerar, yana goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana goge hannun nan bayan ya fita tas.

Na ce ni zan zauna. Muka gwada, ciki ya hana ni shiga tsakanin kujera da sitiyari, Goggo kuma ta fito da muciya a hannu ta ce sai dai bayan ranta. Ita kanta ko hon aka danna sai ta yi salati. Sai Baba ya juya yana kallon bango, ya ce a aika wa na Gumani. Ka san wanda yake nufi. Yaya Abdul-Mutalib ɗan fari ne, kuma Baba yana nan riƙe da kunyar ɗan fari irin wadda kakanmu ya zo da ita daga Katsina tare da fataken goro, wadda na ji an ce ko can ɗin yanzu ba kowa yake yin ta haka ba. Ba ya kiran sunansa, ba ya kallon fuskarsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Da yana ƙarami yaron nan ne, da ya yi aure ya tare a Gumani ya zama na Gumani. In suna wuri ɗaya sai Baba ya gaya wa wanda yake kusa, shi kuma Yaya ya mayar da amsa ta hanyar da ta zo. Mun tashi mun ga haka, ba mu taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Mutum ya haura arba'in, furfura ta fito masa a gemu, yana shugabantar makarantar Islamiyya guda, amma bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba.

Yaya ya zo a babur bayan azahar, kuma tun daga nan abin ya fara karkacewa. Ya ga Baba kwance a ƙasa kan kwali, an ce shi ya hau kujera ya zauna a samansa. Sai da ya tuɓe takalmi kafin ya shiga, ya ɗosana a bakin kujera, ƙafa ɗaya a waje. Ni aka ajiye a kujerar roba tsakaninsu, ni ce waya. Baba ya ce a ce ya danna, in juya in ce Yaya wai ka danna. Ya danna ya ce in ce ya riƙe, in juya in ce Baba wai ya riƙe. To, da zarar Baba ya sassauta notin, birkin sai ya zurma ƙasa, shi kuma Yaya da bai saba da mota ba sai ya firgita ya ɗaga ƙafa, ya leƙo ya ga ko wani abu ya sami Baba. Kafin Baba ya ce a ce kada ya ɗaga, kafin in juya da wannan nauyin nawa in isar, iska ta riga ta koma. Baba yana sane, sai dai ya yi gyaran murya. Da kai ne a kujerar da ka sha faɗan da har Tishigu sai an ji, amma Yaya ba a yi masa faɗa, don faɗa ma ai magana ce. Za ka ce me ya hana su musanya wuri? Wannan ya fi muni, don na ƙasa shi yake ba da umarni, kuma Yaya ya gwammace motar ta faɗo masa da ya ce wa Baba danna.

Haka aka zaga tayoyin nan huɗu, hadari yana haɗowa ta gabas. Baba ya shiga ya tattaka birkin da sauri, ya ji ya ɗan yi tauri. Birki mai iska haka yake yaudara, in ka yi ta danna shi a jere sai ya taso, in ka bar shi ya huta ka sake takawa sai ya tafi ƙasa. Na ga fuskarsa, bai gamsu ba, amma sai ya ce a ce wa na Gumani ya tafi kafin ruwa ya sauko. Bayan tafiyarsa ya tayar da motar don kawai ya matsar da ita rumfa, kada reshe ya faɗo mata. Ba titi ya hau ba, ko giya ta biyu bai sa ba. Ka san 'yar gangarar nan ta wajen gidan Yidana maƙwabcinmu. Ya taka birki ya ji wayam, nan take ya ja birkin hannu, motar ta ja jiki ta dunguri kejin zabi ta tsaya. Katako ya karye, zabi suka watsu a unguwa, aka yi ta kamunsu har magariba. Ko zabuwa ɗaya ba ta mutu ba, kuma babu mutum a wurin balle a take shi. Tsohon da hankalinsa ya gaza ba zai kai hannu ga birkin hannu da wannan saurin ba.

Bayan saƙonka gidan nan ya yi tsit. Baba ya daina zuwa majalisar tsofaffin direbobi a tasha. Kokon safe sai ya kurɓa ya ture, tuwon zafi ya ɗan taɓa ya ce ya ƙoshi. Wallahi a 'yan kwanakin nan na ga tsufan da kake faɗa, amma bayan an rataye mabuɗin ya zo. Da motar nan yake kai mutanen layi asibiti, da ita yake ɗebo tsofaffin da ba sa iya tafiya ranar Juma'a, saboda ita ake cewa a kira Alhaji Mutari in abu ya taso. Tun da Mma ta tafi, ita ce ta rage masa dalilin sa hula ya fita.

Wata safiya na fito na same shi ya sake shimfiɗa kwali. Na ce masa ai an ce sayarwa za a yi. Ya ce ya ji, amma ba zai bari a miƙa wa bawan Allah mota da mataccen birki ba. Ya bi abin daki-daki, ni ina zaune ina miƙa masa sifana. Ashe tun jiya ya sa farin kwali a ƙarƙashinta ya kwana, ya zaro, ko ɗigo babu. Ya buɗe bonet ya duba ɗan tulun man birki, bai ragu ba. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana neman jiƙa ko kumburi, ya sake duba takalman da ya sa ko sun zauna daidai. Sannan ya shiga ya tattaka har birkin ya taso, ya riƙe shi da ƙarfi yana jira. Ya ce min da masta ce ta mutu, wato famfon da yake tura man, da ƙafarsa za ta riƙa nitsewa a hankali ko yana riƙe. Ba ta nitse ba. Ya ɗora hannu a sitiyari, ya ce iska ce. Na ce a raina, Baba ai tun ranar farko ka san iska ce, ka kuma san ta inda ta shigo.

Yidana, Allah ya saka masa da alheri, ko maganar kejin bai yarda an tayar ba. Ka san ya yi tasi shekaru kafin ya koma kiwon zabi. Ya leƙo ya ce shi zai zauna ya taka, yanzu-yanzu a gama. Na ji daɗi na ce shi ke nan, sai Baba ya yi masa godiya ya ce a'a. Bayan ya tafi na kasa haƙuri na tambayi dalili. Ya ce duk layin nan an ga na Gumani a kujerar ranar farko. In yau aka ga wani, gobe za a ce malami guda ya kasa taka birki sai da aka kira maƙwabci, kuma maganar za ta je kunnensa. Wanda ya fara shi zai ƙarasa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Shekara da shekaru ina zaton kunyar nan ta cinye abin da ke tsakaninsu, ashe son yana nan daram. Shi kuwa Yaya tun ranar bai tako gidan ba. Matarsa Anti Faridatu ta ce min ko abinci ba ya ci sosai, yana cewa shi ya jawo aka raba Baba da motarsa.

Aka sake aika masa, ya zo ranar Lahadi da hantsi, idonsa a ƙasa. Ya tuɓe takalmi ya ɗosana kamar wancan karon. Baba ya shige wajen tayar baya ta dama, wadda ta fi nisa da tulun mai, don daga ita ake farawa, ya sa siririn tiyo mai haske a bakin notin don ya riƙa ganin kumfa. Aka ajiye min kujerar roba a tsakiya. Na dube su, babba da babba, na ji wani abu ya taso min. Na ce su yafe min, amma ni yau ba zan kai saƙon kowa ba, bayana yana ciwo, kuma Mma ba ta taɓa jiran ɗan aike ba. Na ja kujerata na koma gindin darbejiya. Goggo ta zaro ido tana min alama wai na yi rashin kunya, na kau da kai. Kada ka ɗauka jarumta ce, duk autancina ban taɓa yi wa Baba haka ba.

Ƙafafun Baba kawai nake gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota, Yaya kuma ya ƙura wa sitiyari ido, gumi yana bin wuyansa. Can Baba ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar da taya yake, ya ce a danna. Yaya ya danna. Ya ce a riƙe. Ya sassauta notin, birkin ya zurma, na ga gwiwar Yaya ta fara tasowa kamar yadda ta saba. Sai kawai na ji muryar Baba, irin wadda yake kiran Mma da ita, ta cika layin nan. Ya kira sunan cikakke, Abdul-Mutalib, ya ce ya riƙe, kada ya kuskura ya ɗaga ƙafar nan sai ya ce masa. Ludayi ya faɗi daga hannun Goggo. Yaya ya danne birkin har ƙasa da dukan ƙarfinsa, ya damƙi sitiyari da hannu biyu. Sai da Baba ya sake kira, ya tambaye shi ko ya riƙe, sannan ya iya cewa na'am Baba, na riƙe. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba, don ya ƙi sakin sitiyarin, ƙafar kuma ko motsi.

Daga nan aiki ya tafi kamar ba su ba. Taya bayan taya, Baba yana kira, Yaya yana amsawa, ni ina tashi in ƙara mai a tulun don kada ya ƙafe iska ta sake shiga ta sama. Kumfa ta yi ta fita har man ya koma garau. A tayar ƙarshe kumfar ta daɗe da ƙarewa, ni kaina daga inda nake tsaye ina gani, amma Baba ya ci gaba, Abdul-Mutalib danna, Abdul-Mutalib riƙe, Abdul-Mutalib saki, har sai da man da ya sayo ya kusa ƙarewa. Da ya fito ya shiga ya taka, birkin ya tsaya a sama da taurinsa. Ya bar shi ya huta ya sake takawa, yana nan yadda yake.

Saura gwaji a hanya. Na sauko da mabuɗin daga ƙusa na miƙa masa, ya mayar da hannunsa baya, ya ce wanda ya ce a rataye bai ce a sauke ba. Yidana aka ba ya ja, Baba ya zaga ya shiga kujerar fasinja. Tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa a wannan gefen ba, ya zauna hannu a cinya kamar baƙo. Suka zaga unguwa suka dawo, a gangaren nan Yidana ya taka birki mota ta tsaya cak, ya leƙo yana dariya ya ce birkin ya yi ƙarfi paa, wato sosai, zabinsa sun tsira. Baba ya fito ya ce in mayar da mabuɗin inda na ɗauko shi.

Kada ka ɗauka komai ya canja. Da aka kawo abinci Baba ya koma kallon bango, a ce wa na Gumani ya ci kafin ya tafi. Amma Yaya yanzu kullum sai ya biyo bayan an tashi makaranta, ya zaga motar, ya zauna a dakali. Jiya ya ja ni gefe, yana wasa da mabuɗin babur ɗinsa, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa wai shin birki yakan ɗauki tsawon wane lokaci kafin a sake fitar masa da iska.

To Yaya Saani, ga roƙona. Ban ce tsoronka ba shi da dalili ba. Idon Baba da dare ba kamar da ba ne, shi ma ya sani. Na yi magana da shi, ya yarda in an mayar masa da motar ba zai yi tuƙi bayan magariba ba, ba kuma zai hau hanyar Kumasi ba. Yidana ya ce in naƙuda ta zo min da dare a buga masa ƙofa, shi zai ja. In kana so bakanike ya sake duba birkin don hankalinka ya kwanta, za a kai. Amma kada a sayar da ita. Kai ka saya masa ita da guminka, shi ya sa maganarka ta yi masa nauyi haka, ba zai tsallake ta ba ko duk Aboabo za ta taru ta roƙe shi. Kuma don Allah kada ka turo saƙo wayar Goggo, kada ka ce in gaya masa. Gidan nan mun ga abin da aike yake yi wa birki. Ka kira shi a wayarsa, kai da shi, ai kai ba ɗan fari ba ne, ba abin da ya hana ka. Ka ce masa ya sauke mabuɗinsa.

Ka gaishe min da Anti Abida, ka ce mata kayan jariri sun iso, Allah ya bar zumunci. Ka gaida Naeem da Fatimata, a ce su riƙa yin Hausa a gida kada su zo su bar mu da kallo. Goggo tana gaishe ka, ta ce ba da gangan ta ƙure murya ba. Yaya Abdul-Mutalib da Anti Faridatu suna gaisuwa, haka Yidana. Fataw zai ba ka yaji da dawadawa da man kaɗe, ka riƙa shafa man a bayan.

Baba bai san ina rubuta wannan ba. Tun safe ya wanke motar ya goge gilashi, ya sa an ajiye jakar asibitina a kujerar baya. In zai fita masallaci sai ya bi ta ƙofar Mma, ya ɗaga kai ya kalli ƙusar, ya wuce. Abin da ke cikin nan kuma sai juyi yake. Shi ma ɗan fari ne, na riga na gaya wa Goggo ni da sunansa zan riƙa kiransa, ta yi salati ta ƙara. Ba na jin zai jira ka daɗe kana tunani, Yaya. Ni dai kakansa nake so ya kai ni.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Zakiya